Kafin a Kawo Nono

Sau biyu tsawa ta zo mani. Ta fari a gona, ta biyu a sama, can inda take kwana. Ta fari ta ɗauki mai gidana. Ta biyu ba ta ɗauki kowa ba, ni ce na tashi kashe ɗana, da haƙorana.

A Wagini aka kawo ni aure, a nan na haifi bakwai, a nan nake zaune har yau. Mu a wajenmu, tun muna tallar gyaɗa, abu guda aka koya mamu a kan tsawa: abin da ta faɗa wa, ba a taɓa shi. Mutum ne, saniya ce, rumbu ne, itace ne, ba a kai hannu sai an kawo nonon saniya an yayyafa. An ce wutarta tana nan kwance a jiki, ruwa ba ya kashe ta, sai nono. Wanda ya taɓa kafin nan, ta koma kanshi, shi kuma na kwancen ya ɓace hanyar dawowa. Haka uwata ta faɗa mani, haka tata uwar ta faɗa mata.

To, damina ce, gero ya kai gwiwa, ana maimai. Na dama fura na ɗauka zan kai wa mai gidana gona, autata tana goye a bayana. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska tana kwantar da gero tana tayarwa. Na hango shi tsaye tsakiyar gona, hauya a kafaɗa, yana yi mani alama da hannu in koma gida. Dariya ma yake yi. Na tsaya ina shawara, in ƙarasa ko in juya.

Ban ji ƙara ba tukuna. Fari na gani, farin da babu gona a cikinshi, babu mutum. Sannan ƙarar ta zo ta buga ni ƙasa bisa gwiwoyina, ƙwaryar fura ta tashi can. Da idona ya dawo, ba ya inda yake tsaye. Yana can gefe, rigingine, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe ƙarƙashinshi. Hularshi tana wani wuri. Takalminshi ɗaya ya tsage kamar an sa wuƙa. Ƙotar hauya ta dare biyu. Rigarshi tana hayaƙi, wurin duka yana ƙauri, irin na babbakar kan akuya.

Na tashi na ruga. Yayanshi, wanda gonarshi ke haɗe da tamu, shi ma ya rugo, amma ba wajen ƙanen ba, wajena. Ya damƙe zanena, na fizge. Ya damƙe hannuna, na fizge. Sai ya kwaɗa mani mari, marin da ya sa na sake ganin walƙiya, na faɗi zaune, yarinya ta tsala ihu a bayana. Ya murɗe hannuwana biyu ya riƙe.

"Ki taɓa shi ki bar mamu yara ba uwa ba uba? Zauna! A tafi ruga! A kawo nono!"

Wani ya sheƙa rugar Fulani da ke bayan dutse. Ruwa ya kece. Manoman kusa suka zo suka kewaye shi, kowa ya tsaya nesa da taku uku, ana salati. Ni ina kallon hannunshi na dama. Na ga yatsun suna naɗewa a hankali, suna damƙar ƙasa. Na ce, "Yana motsi! Wallahi yana motsi!" Suka ce wutar ce ke wasa a jikinshi. Na yarda. Me zai hana in yarda? Manya ne suka faɗa.

Kafin nonon ya iso, da tuwo aka ɗora da ya nuna an kwashe. Aka yayyafa, fari ya bi ruwan sama ya gangara cikin kunya. Sannan aka ce in zo. Na sa hannu a ƙirjinshi, ya yi sanyi.

Bayan addu'ar bakwai na fara jin magana a bakin rijiya. Wai in tsawa ta san gida, tana dawowa. Maganar ta shiga raina ta zauna. Damina ashirin da wani abu, duk hadarin da ya haɗo sai na ƙirga 'ya'yana da ido.

Ɗan farina malamin makaranta ne a Safana. Kowa ya san yadda uwa take da ɗan fari a wajenmu. Ana yaye shi kakarshi ta ɗauka. Ban taɓa faɗin sunanshi ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonshi ba, ban taɓa cin abinci yana zaune ba. Shi kuma Yaya yake ce mani, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. In ina son abu a wajenshi, bango nake faɗa wa, shi ya ji. Ya girma, ya yi furfura a gemu, ya samu hawan jini yana shan ƙwaya safe da yamma, duk a bakin matarshi nake ji.

Shi ne ya zo rannan ya zauna bakin ƙofar ɗakina, ya ce wa ƙasa, "Bana in Allah ya yarda Yaya za ta sauke farali, ni zan raka ta." Ni ma na ce wa tabarma, "Allah ya yi wa mutum albarka."

Babur ya kai mu Batsari da sassafe, don yanzu hanyarmu ba a binta sai rana tana kallo, saboda mutanen daji. Daga nan mota zuwa Katsina. Kwana uku a sansanin alhazai, ana kiran sunaye ana sakewa. Ran na huɗu bayan azahar aka jera mu, duk cikin atamfa iri ɗaya kamar 'yan biki, aka hau da mu matakala. Da zan shiga na ɗaga kai na dubi gabas. Hadari ne, irin wancan.

Cikin jirgi kamar zaure ne da aka ja ya yi tsawo. Aka zaunar da ni bakin hanya, aka ɗaure mani ciki da ɗamara mai kan ƙarfe. A damana wata Bafulatana ce 'yar Runka, tsohuwa kamata, da 'yan bindiga suka kwashe wa shanu, 'ya'yanta suka haɗu suka biya mata don ta huce. Ɗana yana tsallaken hanya, hannu zai kai.

Jirgi ya yi gudu ya yi gudu ya rabu da ƙasa. Muka shiga cikin gajimare, taga ta yi duhu kamar an rufe da bargo. Kunnuwana suka toshe, yawu ya cika mani baki. Sai na ce wa bayan kujerar gabana, "Akwai goro a jakar nan ta bisa, da mutum ya samu ɓari da zuciya ta kwanta."

Ni na faɗa. Ba wanda ya sa ni.

Ya kwance ɗamararshi ya miƙe. Wata ma'aikaciyar jirgi, doguwa, ba ta jin Hausa, ta daka mashi tsawa daga inda take ɗaure, tana nuna mashi kujera. Ya ɗaga mata yatsa ɗaya, wai yanzu-yanzu. Ya buɗe ma'ajiyar kaya, hannuwanshi biyu a sama.

Sai farin ya zo. Shi dai wannan farin, na gane shi kamar fuskar maƙwabciya. Ya cika tagogi duka, ya shiga ido. Ƙara ta biyo, kamar an buga guduma bisa tukunyar ƙarfe mu kuma muna cikinta. Fitilu suka mutu suka dawo. Jirgi ya saki, ya faɗa ƙasa da mu kamar guga da igiyarta ta tsinke. Na ga ɗana ya rabu da ƙasa, kanshi ya daki rufi, jakunkuna suka zubo, butoci da takalma suna yawo a iska. Jirgi ya daidaita, ɗana kuma ya dawo da ƙirjinshi bisa hannun kujera, ya mirgina cikin hanya, rigingine, ƙafa ɗaya lanƙwashe ƙarƙashinshi. Hularshi ta tafi wani wuri. Wani ƙauri-ƙauri ya bi iska.

Ɗaruruwan mutane suna salati da kuka, ni ban ji kowa ba. Na ce a raina, tsawar ta dawo. Ta biyo mu har nan, ta tsallake kowa, ta zaɓe shi.

Na ja ɗamara ta ƙi. Bafulatanar ta ɗaga ƙarfen ta buɗe mani. Na tashi na tsaya a kanshi, ƙafa nan ƙafa can, ban bari ko bakin zanena ya shafe shi ba, na riƙe kujeru biyu, jirgi yana jijjiga mu kamar tsaba a faifai. Bakinshi a buɗe, leɓenshi yana komawa toka.

"Kada wanda ya taɓa shi! Nono! A kawo nono!"

Doguwar ma'aikaciyar ta taho tana dafa kujeru, ta sunkuya za ta kai hannu. Na cire takalmina na zabga mata a fuska. Ta ja baya tana riƙe da hanci. Wani alhaji ya miƙo hannu, na sheme shi shi ma. Bafulatanar tana taya ni, "Kosam! Kosam! Ku ba ku da nono a gidan nan?"

Sai ga wata tana rarrafowa daga gaba bisa gwiwoyi, ƙaramar mace, ba ta kai ɗiyata ta uku ba, hijabinta ya karkace.

"Inna, ba ni hanya. Ni likita ce."

"Ko uwar likita ce ke. Tsawa ce ta faɗa mashi. Ba a taɓawa."

"Inna, ba tsawa ba ce, faɗuwa ya yi. Matsa!"

"Ubanshi ma haka ta yi mashi! Kin fi ni saninta?"

Ta sunkuya ta ƙarƙashin hannuna ta ɗora yatsu biyu a wuyanshi. Na ga yatsun sun sauka. Na faɗa mata. Na damƙi hijabinta na ja har kanta ya koma baya, ta ƙi ɗaga hannu. Na kama hannun na kai baki. Haƙora biyar suka rage mani a gaba, duka biyar ɗin na sa, na datse har na ji gishirin jini. Ta yi ƙara, ta buge ni da gwiwar hannu a haƙarƙari.

"Ku riƙe ta! Zuciyarshi ta tsaya, ku riƙe mani ita!"

Maza biyu suka ɗaga ni sama kamar buhun dusa suka jefa cikin kujera. Ɗaya ya murɗe hannuwana ta baya, ɗaya ya ɗaure ɗamarar ya ja har numfashina ya yi gajere. Irin riƙon nan, na san shi. Na yi ta harbi da ƙafa, na tofa wa ɗayan yawu a gemu, ya ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah, hanyar Makka muke."

A nan nake, a ɗaure, ina kallo. Ta keta rigarshi tun daga wuya. Ta haɗa hannuwanta biyu tsakiyar ƙirjinshi ta hau dannawa da dukan nauyinta, tana ƙirgawa, jinin hannunta yana bin gashin ƙirjinshi. Dannawa take kamar mai kirɓa sakwara. Na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Na sake jin ƙas. Haƙarƙarinshi ne. Na ce ta kashe shi, ta karya shi ta kashe shi. Sai na ji wata murya tana kiran sunanshi, sunan yanka, da ƙarfi, tana maimaitawa. Sai da maƙogwarona ya yi zafi na gane tawa ce.

Doguwar, hancinta na jini, ta kawo wani ɗan akwati. Kafin su buɗe, Bafulatanar ta tono ƙullin madarar gari daga guzurinta, ta damƙo ta watsa mashi a ƙirji, ta ce ko wannan ce ai daga saniya ta fito. Likitar ta share da gefen hijabinta tana haki.

"Don girman Allah ku riƙe tsofaffin nan!"

Suka manna mashi abu biyu masu igiya, ɗaya a sama, ɗaya a gefe. Akwatin ya yi magana da Turanci. Likitar ta ɗaga hannuwanta ta buɗe su.

"Kowa ya janye! Kada wanda ya taɓa shi!"

Na ce a raina, to, ga shi ta dawo kan maganata, bayan ta gama ɓarna. Ta danna wani wuri. Jikinshi ya zabura, ƙirji ya tashi, ƙafafu suka buga ƙasa. Nan take na gane abin da ke cikin akwatin. Tsawa ce. Ƙarama ce, sun kama sun rufe, suka sakar mashi. Kuma tana gama wucewa, ko ƙiftawar ido ba a yi ba, yarinyar nan ta mayar da hannuwanta tsirara bisa ƙirjin, wurin da wutar ta bi. Na jira ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ta ci gaba da danna. Suka sake janyewa, suka sake sakar mashi, ta sake mayar da hannu.

Sai ya ja wani numfashi mai gurnani, kamar sa da aka cire wa igiya a wuya. Ya yi tari. Ya amayar. Ta juya shi bisa gefe, ta sa yatsu a wuya, ta rufe ido tana saurare, sannan ta zauna daɓas a cikin hanya ta ce, "Alhamdu lillahi." Na daina harbi.

Matuƙin jirgi ya yi magana, jagoranmu ya mayar da Hausa: tsawa ta daki jirgi, jirgi lafiya yake, amma za a juya saboda mara lafiya, kuma a duba. Muka sauka inda muka tashi, ruwa ya ɗauke, ƙasa tana sheƙi. Motar asibiti ta tafi da shi da likitar. Ni ba su yarda na shiga ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Ina tsaye gindin matakala, takalmi ɗaya a ƙafa, sai na ga ma'aikata sun kafa tsani a jikin jirgin. Na matsa. Daga wajen hanci, wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe sun jeru suna bin gefe, kamar inda mai zanen ƙwarya ya ɗiɗɗiga ƙarfe mai zafi. Babu wanda ya fi ƙwayar wake. Wani dattijo a cikinsu, mai riga mai ƙyalli, ya ga ina kallo.

"Hajiya, sawunta kike dubawa? Ga inda ta sauka, ta hanci. Ta bi ta baya-baya, kamar ruwa bisa kwano, ta fita can wutsiya. Kin ga ɗan tsinken can da ya ƙone? Nan ta fice. Ba ta shiga ciki, don haka aka yi fatar jirgin. Ai tana dukansu a kai a kai, mu duba, mu gyara, su tashi."

Yana magana yana shafa ɗigon da ɗan yatsa, yana kankarewa da farce, ya duba farcen ya goge a wando.

Na ce, "Ba ka zuba komi ba."

Ya ce, "Kamar me?"

Na juya na tafi, da takalmina ɗaya.

Washegari da hantsi aka bar ni na shiga inda yake. Likitar tana bakin ƙofa, an naɗe hannunta da farin ƙyalle. Ita ma jirginta ya tafi ya bar ta. Na durƙusa har ƙasa, ta kama ni ta tayar.

"Haba Inna, tashi. Amma ki gaya mani gaskiya, haƙoran nan wa ke wasa maki su?"

Na ce ta yafe mani. Ta ce ta yafe tun a sama. Sai na tambaye ta abin da ya hana ni runtsawa.

"Ɗiyata, in a gona ne. In ita ce da kanta ta faɗa wa mutum. Wutar tana zama a jiki?"

"Ba ta zama, Inna. Tana wucewa ne ta shige ƙasa. Ko a lokacin kika taɓa shi ba abin da zai same ki."

"In yatsunshi suna motsi fa?"

Ta dube ni. Na ga ta gane ba tambayar banza nake ba.

"Rai na Allah ne, Inna. Wani ko me aka yi ba zai tashi ba. Amma sau da yawa zuciya ce take tsayawa, ko numfashi. In an danna ƙirji da wuri, an hura mashi iska, wasu suna tashi."

"Wasu."

"Wasu, Inna."

Na ce to. Na shiga.

Yana kwance, an ɗaura mashi igiyoyi, ƙirjin ya yi shuɗi da baƙi, haƙarƙari biyu a karye. Idonshi biyu. Da ya gan ni ya mayar da kai wajen bango, yadda muka saba, ya ce wa bangon da 'yar muryar da ta rage mashi, "An ce jiya wata ta kira sunan mutum a gaban alhazai ɗari uku. Har ta maimaita."

Da can ne da na ja mayafi na fita. Na jawo kujera na zauna dab da gadon. Na ɗaga hannuna na dama na ɗora a ƙirjinshi, a hankali, gefen da bai karye ba. Rabon hannuna da jikin nan tun ranar da aka yaye shi. Da ɗumi. A ƙarƙashin tafina abin yana bugawa, yana bugawa.

Ya ce, "Yaya, da zafi fa."

Na ce, "Yi haƙuri," na sassauta, amma ban ɗauke ba.

Makka ban je ba a shekarar, kujerata ta tafi babu ni. Da muka koma Wagini mata suka zo sannu da zuwa, suna ce mani Hajiyar Katsina, ina ba su labari ina maimaitawa, har inda dattijon ya kankare sawun tsawa da farce. Wasu suka yarda, wasu suka ce jirgi daban, mutum daban. Yayan mai gidana yana nan da rai, ya makance, yana zama a zaure. Shi ma na je na durƙusa na ba shi labarin, ban rage komi ba. Yana saurare yana murza carbi. Can ya ce, "Ni ma na ga yatsun." Na zauna tare da shi har aka kira la'asar.